Auren da Na Ɗaura da Baki a N'Djamena

Tun da na dawo daga Chadi ban huta ba. In na zauna bakin shago, tambaya. In na fito daga masallaci, kafin in gama laluben takalmi, tambaya. "Lawan, wai da gaske fim ɗin batsa aka kira ka ka fassara?" Wanda ya fara yaɗa wannan magana na san shi, na kuma bar shi da Allah. To ga labarin nan daga tasha zuwa tasha, sau ɗaya zan ba da shi, wanda ya sake tambayata sai ya sayo min tsire.

Ga wanda bai san ni ba, sana'ata fassarar finafinai. A kawo na Indiya ko na Turawa, in zauna gaban makirfo in yi muryar kowa da Hausa. Jarumi ni ne, mugu ni ne, budurwa ni ce, har kakarta. Muna da ƙa'idojinmu da ba a koyarwa a makaranta. Ba ma barin shiru, domin mai kallo in ya ji shiru sai ya ɗauka wayarsa ce ta lalace. Sannan in saurayi da budurwa suka matsi juna fiye da kima, ko mu datse wurin, ko in bai datsu ba mu ɗaura musu aure da baki. Sai ku ji na ce, "Allah sarki, ango da amaryarsa," alhali a cikin fim ɗin ko sunan juna ba su gama riƙewa ba. Auren da na ɗaura a haka, limamin unguwarmu bai ɗaura rabinsa ba.

Wata rana waya ta shigo da baƙuwar lamba. Mace ce, Hausarta na fita a hankali kamar mai taka ƙasa bayan ruwan sama. Ta ce sunanta Zenaba, Bahaushiyar N'Djamena ce, ta yi karatun shirya fim a waje, ta dawo ta yi fim ɗinta na farko da Faransanci, tana so in yi masa Hausa. Na ce ta turo. Ta ce fim ɗin ba zai bar kwamfutarta ba, sai dai ni in zo. Na ce saboda me?

"Na yi wa mahaifina rantsuwa, Malam Lawan. Ba wanda zai gani a waje sai shi ya gani ya yarda. In ya ce a'a, na binne shi. Kuma ba ya jin Faransanci."

Na tambaye ta wane irin fim ne. Ta ce na tsoro ne, amma ba aljanu ba jini, kuma akwai sha'awa a ciki. Wallahi abin da ya tashe ni daga Kano ke nan. Ba kuɗin ba. So nake in ga yarinyar da za ta nuna wa ubanta Alhaji irin wannan fim, in kuma ga uban.

Daga Kano zuwa Maiduguri ba labari, sai ciwon baya da direban da ya sa wa'azi ɗaya yana maimaitawa har na haddace tarin malamin. Na kwana gidan wani abokin sana'a, washegari muka kama hanyar Gamboru. Wannan hanya ba a bin ta yadda aka ga dama. Sai motoci sun taru, an yi jerin gwano, sojoji na gaba na baya. Kusa da ni wata dattijuwa ce 'yar kasuwar turare, Hajiya Falmata, wadda ta bi hanyar har ta san ramukanta. Da ta ji inda za ni sai ta ce, "Fallomi za ka? Ka iya gaisuwa?" Fallomi shi ne sunan da tsofaffi ke kiran garin. Na ce gaisuwa ai ba ta gagari Bakano ba. Ta yi dariya har da tafi.

"Can in aka ce maka afe, wato lafiya, ka ce afe. In aka sake, ka sake. Kada ka gaji, ɗan nan. Wanda ya fara gajiya shi ne mara tarbiyya."

Ta ciyar da ni da dabino da soyayyen nama, ta kuma tsare ni da tambayar me ya sa nake sa wa 'yan matan Indiya muryar mai mura. Ashe tana kallona. Na ce Hajiya, muryar da Allah ya ba ni ke nan. Ta ce to in riƙa shan zuma.

Daga Gamboru muka tsallaka Fotokol, ƙasar Kamaru ke nan, muka hau wata mota da aka yi ta domin mutum biyar, aka cusa mu har ban san ƙafar da nake sosawa tawa ce ko ta maƙwabcina ba. Muka isa Kuseri da ƙura har cikin kunne. Daga nan gada ce kawai tsakaninka da Chadi, ga kogi a ƙasa, ga masu babura da masu kekunan guragu ɗauke da kaya suna ta kai da kawo.

A bakin gadar aka buɗe jakata. Wani jandarma dogo, rawani ya rufe masa rabin fuska, ya zaro makirfona ya ɗaga sama. Ɗan jarida ne ni? Na ce a'a. Mawaƙi? A'a. To me? Larabcina na allo ne, Faransanci kuwa ko na tambayar ruwa ba ni da shi. Hajiya Falmata ta yi masa bayani, ya ce bai gane ba, in gwada. Jama'a, a tsakiyar rana, a kan iyakar ƙasa, na tsaya na yi muryar mugu yana cewa zai ƙone gari, na juya na yi ta budurwa tana kuka tana kiran babanta. Dogon nan ya yi dariya har rawaninsa ya warware. Ya kira abokan aikinsa, aka ce in sake. Sai da na sake kafin a buga min hatimi.

Yayan Zenaba ne ya tarye ni, sunansa Abakar. Can haka suke gutsure sunaye, Abubakar ya koma Abakar, Muhammadu ya koma Mahamat. Ya riƙe hannuna, afe, afe, afe, na tuna gargaɗin Hajiya na dage, har shi ya fara saki. Ya ɗora ni a babur zuwa gidansa a Atrone, unguwa ce ta bayan gari, sababbin gidaje, wasu ko filasta ba a yi musu ba. Ɗakina na da katifa, da fanka mai aiki in wuta ta ga dama, da tulu. Zafin garin kuwa, mu da muke kukan na Kano mu nemi gafara.

Abinci sai hamdala. Da safe dogon burodi mai ƙwari irin na Faransa, wanda ya kusa raba ni da haƙorin gaba. Da rana kisar, wata 'yar siririyar waina ce mai tsami, faffaɗa kamar faifai, da miyar busasshiyar kuɓewa da busasshen nama. Na ci gasasshen naman raƙumi, na sha mangwaro da aka niƙa da madara da ƙanƙara. Zoɓo sunansa karkanji. Abin da ya fi ba ni mamaki, maza a ƙofar gida suke cin abinci a kan tabarma, duk wanda ya gifta sai a ce masa "faddal," wato bismilla. Mu a Kano in an ce maka bismilla ka san ta baki ce, sai ka ce alhamdu lillahi ka wuce. Can mutum sai ya cire takalmi ya zauna da gaske. Ranar farko na yi wa wani mai wucewa tayin nama don in gwada sabuwar kalmata, ya kuwa zauna ya cinye rabi, ya yi min addu'a ya tafi.

Washegari aka kai ni gaida mahaifin Zenaba, Alhaji Isiyaka, a Marjandafak, tsohuwar unguwa kusa da kasuwa, gidajen 'yan kasuwa da shaguna a jikinsu. Dattijo ne fari tas da furfura, ɗan kasuwar yadi. Kakansa daga ƙasar Haɗeja ya fito a ƙafa za shi Makka, ya tsaya nan neman guzuri, ya yi aure, guzuri bai taɓa cika ba. Hausar Alhaji irin ta kakata ce, akwai kalmomin da rabona da jin su tun ina yaro, amma a tsakiya sai ya jefa "kalas" in magana ta ƙare, ko "zen" in abu ya yi kyau.

"Kai ne mai baki goma?" in ji shi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ɗaya ne, aiki ne ya yi masa yawa."

Muna cikin hira wata mata ta shigo da kayan shayi. Za ta kai shekara arba'in, siririya, tsaf da ita cikin lafaya mai ruwan toka. Ta gaishe mu ba ta ɗago ba. Ta buɗe gwangwanin sukari, ta ɗebi kaɗan a cokali ta ɗora a harshe, sannan ta zuba a buta. Da za ta ƙara, ta sake ɗanɗanawa, daga gwangwanin da ta ɗanɗana yanzun nan. Na ɗauka al'adar garin ce, har na ƙudurta zan ba ku labari. Da muka fito na tambayi Abakar.

"A'a, Yaya Kaltuma ce, babbarmu," ya ce, ya rage murya. "Ba ta da lafiya. Iska ce ta kama ta a gidan mijinta. Ya yi haƙuri da ita, bawan Allah, har ya rasu. Yanzu da sauƙi, sai 'yan abubuwa irin wannan."

Na ce Allah ya ba ta lafiya, na bar maganar.

Da yamma Zenaba ta zo Atrone da kwamfutarta. 'Yar ƙarama ce, ba ta da yawan dariya. Ta kunna min fim ɗin tana faɗa min abin da ake cewa, ni kuma ina kallo da idon sana'a.

Labarin wata ma'aikaciyar kantin magani ce da ta haɗu da wani attajiri mai fara'a, wanda kowa ke yabo. Ba aure tsakaninsu. Ya kama mata gida a bakin kogi. In sun kaɗaice, ya nuna mata so kamar zai haɗiye ta. In gari ya waye, sai ya ɗauke makullinta daga inda ta ajiye, ya bar ta tana nema, sannan ya mayar ya ce, "Ga shi nan a gabanki, me ke damunki?" Ya faɗa mata magana yau, gobe ya rantse bai faɗa ba. Ya kira ƙawayenta a ɓoye yana kuka, wai yana jin tsoro kanta ya fara taɓuwa. A hankali ita ma ta fara yarda.

Zan faɗi gaskiya, na fassara finafinan da ake sare kai ina cin gyaɗa, amma wannan ya sa na ajiye gyaɗar. Ƙarfinsa shiru ne. Sai a bar ka da ƙarar makulli a ƙofa, da fuskar yarinyar tana ƙoƙarin tuna abin da ba ta manta ba. Mugun ba ya ɗaga murya ko sau ɗaya, shi ya sa yake da ban tsoro, domin ka san irinsa, wataƙila kun yi sahu ɗaya da shi. Akwai wurin da tsohon maigidanta na kanti ya zo duba ta. Kafin ya iso, aka nuna hannun mutumin nan yana juye sukari daga gwangwani yana cika shi da gishiri. Ta haɗa shayi ta miƙa wa tsohon. Ya kurɓa, ya dube ta da tausayi. Mutumin ya sunkuyar da kai kamar wanda abin ya fi damu.

Maganar sha'awa kuma, kafin ku fara gyara zama, ba tsiraici ba ne irin na Turawa. Kafaɗa ce, da baya, da lafaya tana zamewa, da numfashi. Wurin ɗaki na farko ya yi aiki, domin a nan kake ganin igiyar da ya ɗaure ta da ita, kake kuma ganin hannun da ke shafa ta shi ne hannun da ke ɗauke makulli. Amma aka yi ta maimaitawa. Duk lokacin da tsoro ya fara kama ka, sai a koma ɗaki, zaren ya tsinke. Ƙarshen ma bai yi min ba. Fim ɗin da ya yi tafiyarsa a natse, sai ga wuƙa, ga guje-guje a bakin kogi, ga kiɗa kamar za a fasa lasifika. Wannan aro ne daga finafinan wasu, kuma aron ya fito fili. Sannan kowa Faransanci yake yi, har mai sayar da kifi.

Na faɗa mata duk wannan, tana gyaɗa kai. Sai na zo kan babbar.

"Malama Zenaba, ni abin da ban gane ba, me ya hana yarinyar nan ɗaukar jakarta ta tafi? Ba aure, ba 'ya'ya, ba iyayen da za su ce ta koma ta yi haƙuri. Tana da aikinta. Sha'awa kaɗai ba ta riƙe mace haka. Shi ya sa kike ta mayar da mu ɗaki, kina neman ki toshe ramin, ramin kuma bai tosu ba. Bari in ɗaura musu aure a fassara. Labari ya zauna, Alhaji ma ya samu sauƙin kallo."

Ta rufe kwamfutar da ƙarfi.

"Kada ka aurar da su."

"Ai mu kullum..."

"Ka faɗi abin da suka faɗa kawai. Don Allah, Malam Lawan. Kada ka aurar da su."

Na ce to. A raina na ce girman kan 'yan boko ne, an yi karatu a waje, aure ya zama ƙauyanci. Haka na fassara ta, kuma ni da fassara ce sana'ata.

Mun shirya za mu yi mako muna ɗaukar murya. Sai Alhaji ya aiko cewa tafiya ta taso masa, gobe bayan azahar yake son gani, kuma kada a datse masa komai, in an datse zai sani. Ba lokacin ɗauka. Sai dai in zauna gefen talabijin in riƙa yi kai tsaye, yadda muka fara sana'ar tun farko.

Washegari a gidan Alhaji aka tada janareta, aka saki labulen falo. Alhaji a kan darduma da carbinsa, Abakar a gefe, ni kusa da akwatin talabijin. Zenaba ta ƙi shigowa, ta tsaya a waje jikin taga, wanda kuma ya dace. Kaltuma ta kawo shayi, ta ɗanɗana sukarinta, ta zuba mana, ta koma bakin ƙofa da tire a hannu.

Da farko lafiya lau. Har na daure ina barin shirun yadda yake, abin da ban taɓa yi ba. Sai aka zo inda mutumin ya buɗe mata gidan bakin kogi, ya rufe ƙofa, ya kai hannu kan lafayarta. Na saci kallon Alhaji. Carbi ya tsaya. Jijiyar goshinsa ta fito. Na ga ya dafa ƙasa zai miƙe, na kuma san in ya miƙe, aikin yarinyar nan na shekaru ya tafi. Ban yi shawara da kowa ba, ko da kaina. Bakina ne ya yi abin da ya saba.

"Allah sarki! An ɗaura, an kai amarya. Ga ango ya shigo da sayen baki."

Alhaji ya koma ya zauna. Ya mayar da ido kan carbinsa har wurin ya wuce, Abakar kuma ya tuna yana da kiran waya a tsakar gida. Daga taga na ji an ja numfashi. Na ce a raina, ki yi haƙuri, na cece ki.

To wanda ya ɗaura aure dole ya riƙe shi. Duk inda ta ce "masoyina" na ce "maigida." Ƙawayenta na mayar da su dangi. Kuma jama'a, fim ɗin ya miƙe tsaye. Ramin nan ya toshe. Yanzu ka san me ya hana ta tafiya, domin duk ƙofar da ta ƙwanƙwasa sai a ce mata mijinki mutumin kirki ne. Har daɗi nake ji, ina cewa ai ga shi, na faɗa mata.

Sai tsohon maigidan kanti ya bayyana. Mace da aure, wane tsoho ne zai shigo mata har falo? Na ce, "Ga mahaifinta ya zo duba 'yarsa." Aka nuna hannu yana juye sukari, yana zuba gishiri. Ta haɗa, ta miƙa, tsoho ya kurɓa. A fim ɗin cewa ya yi ta ɗauki hutu ta ga likita. Ni kuwa na sa masa abin da na san uba zai ce: "'Yata, ki yi haƙuri ki zauna ɗakinki. Za a nemo mai ruƙiyya."

Tire ya faɗi a bakin ƙofa. Kofuna suka tarwatse.

Na juya. Kaltuma na tsaye, hannuwanta a buɗe yadda tiren ya bar su, idonta a kan talabijin. Na dubi gwangwanin sukarin da ke gabanmu. Sai a lokacin kaina ya yi aiki, ni mai baki goma. Yarinyar nan ba don boko ta raba su da aure ba. Ta cire auren, ta sa musu Faransanci, ta cika fim da kafaɗa da numfashi, ta ƙara wuƙa a ƙarshe, duk don kada kowa a gidan nan ya gane labarin wa take bayarwa. Ni kuma na zo tun daga Kano na mayar da komai inda yake.

Na yi shiru. Alhaji ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ci gaba."

Na ci gaba. Ban san da wace murya na ƙarasa ba. Da fim ya ƙare Abakar ya kashe janareta, falon ya yi tsit, sai hayaniyar kasuwa daga nesa. Alhaji ya ajiye carbinsa. Sannan ya ce, "Kaltuma."

"Na'am, Baba."

"Gishirin nan."

"Na faɗa maka, Baba," ta ce, muryarta ko rawa ba ta yi. "Ranar na faɗa maka. Na biyo ka har zaure."

Na taɓa ganin dattijo yana kuka a wajen jana'iza, amma ban taɓa ganin wanda ya buɗe baki ya rasa abin da zai fito ba sai ranar. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni, kunya kuma kamar ƙasa ta tsage in shige. Abakar, mai cewa bawan Allah ya yi haƙuri, ya haɗa kai da gwiwa.

Alhaji ya sa aka kira Zenaba. Ta shigo ta durƙusa, fuska jiƙe, ba ta ko kalli inda nake ba.

"Wuraren ɗakin nan sun yi yawa," ya ce. "Ki rage. Wuƙar nan ma ƙarya ce, ba a yi haka ba."

"To, Baba."

"Auren da baƙon nan ya ɗaura, a bar shi. Tsohon nan ma a bar shi uba."

"Baba, duk Marjandafak za su gane. Za su san kai ne."

"Ni na sha shayin," in ji shi. Ya juya wajen ƙofa. "Amma ba ni ke da izinin ba. Na ɗauka nawa ne. Kaltuma, a fitar ko a binne?"

Ta sunkuya tana tsince fasassun kofuna ɗaya bayan ɗaya tana zubawa a tire.

"A fitar," ta ce. "Amma a canza muryar matar. Kamar mai mura."

Na ƙara kwanaki a garin. Zenaba ta yi kwana biyu ba ta yi min magana ba, ranar na uku ta zo da kwamfuta ta ce mu fara. Ta rage wuraren ɗakin ta bar na farko, ta jefar da wuƙar, muryar matar kuma wata 'yar unguwarsu aka samo ta yi, karo na farko da aka ƙwace min budurwa a fim. Ban ce fim ɗin ya zama marar aibi ba. Mai kifi har yanzu bakinsa Faransanci yake motsawa, tsakiyar fim ɗin kuma tana ɗan ja. Amma in ya iso Kano ku kalla, za ku ji inda na yi shiru.

Ranar da zan taho na je sallama. Alhaji, da ya dawo daga tafiyarsa, ya ba ni yadi, ya ce in gaida ƙasar Haɗeja in na bi ta kusa. Kaltuma ta kawo shayi. Ta buɗe gwangwani, ta ɗebo a cokali za ta kai baki. Alhaji ya miƙa hannu a hankali.

"Zuba kawai, 'yata. Sukari ne."

Ta ɗago ta dube shi, karo na farko da na ga ta kalli wani ido cikin ido. Ta ɗanɗana abinta, sannan ta zuba.